Ciwon Da Zaman Sulhu Ba Ya Kaiwa Gare Shi

Idan aure ya yi tsami a Lafia, waliyyai ake kira, ko liman, ko mai unguwa, a ce kowa ya yi haƙuri. Sau da yawa wutar takan lafa. Amma akwai matar da ke hana kanta barci tana binciken wayar miji, da magidancin da ke ɗauke wuta da zarar an nuna masa ƙauna. Irin wannan ciwo na iya samo asali tun yarinta. Likitan ƙwaƙwalwar nan na Ingila, John Bowlby, ya nuna cewa shaƙuwar jariri da mai rainonsa tana tasiri kan yadda zai amince da mutane in ya girma. A ƙasar da saki kan raba yaro da uwarsa, riƙo ya kai shi wani gida, wannan ba zancen Turawa kaɗai ba ne.

In an ce a je wurin ƙwararre, za a ce ai tona asirin gida ne. To, zaman sulhu a gaban dangi goma ya fi tonawa. Ƙwararre kuwa ƙa'idar aikinsa ta ɗaure masa baki. Za a ce asibitin mahaukata ne, alhali mai neman shawara tattaunawa zai yi, ba lallai a rubuta masa magani ba. Ƙorafin da ke da nauyi shi ne ƙarancin masana, ko da yake dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Mutumin Lafia zai iya farawa daga babban asibitin garin, ya nemi a haɗa shi da masanin halayyar ɗan Adam, ya kuma tambaye shi ko ya saba zama da ma'aurata.