Rijiya ta Kowa Ce, Amma Mai Ceto Ɗaya Ne

Sa'ad da ikilisiya ta haƙa rijiya ko ta buɗe ɗakin shan magani, ba a tambayar addinin mutum kafin a ba shi ruwa ko magani. Kirista da Musulmi da mai bin al'adar gargajiya duk layi ɗaya suke bi, kuma haka ya kamata. Amma wannan aikin yakan jawo tambaya, musamman daga 'ya'yanmu da suka dawo daga makaranta ko cirani a birni. Wani zai ce, "Tun da muna taimakon kowa, ashe dukan addinai ɗaya ne." Wani kuma zai ce, "Magani ne ya warkar da yaron nan, ina amfanin addu'a?" Iyaye da yawa sukan yi fushi ko su yi shiru. Bari mu duba waɗannan koyarwa biyu domin mu iya ba da amsa.

Koyarwa ta farko: dukan hanyoyi ɗaya ne

Masu wannan ra'ayi sun ce addinai kamar hanyoyi ne da ke shiga kasuwa ɗaya. Wani malamin tauhidi ɗan Ingila, John Hick, ya yaɗa shi sosai tun daga wajen 1973. Ya koyar cewa kowane babban addini amsa ce ta mutane ga gaskiya guda wadda ta fi ƙarfin saninmu.

Maganar tana da daɗin ji domin dukanmu mun gaji da rikici. Sai dai addinai ba abu ɗaya suke faɗa ba. Mu mun gaskata Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye, ya tashi a rana ta uku. Maƙwabcinmu Musulmi ya gaskata ba a gicciye shi ba. Shi ma ba zai yarda a ce masa duk ɗaya ne ba. Wanda ya ce babu bambanci bai saurari ko ɗayanmu da kyau ba. Girmama maƙwabci ya haɗa da yarda cewa abin da ya gaskata daban yake da namu, mu kuwa ci gaba da gaisawa, da zuwa jana'izar juna, da gayyar noma tare. Karanta Yahaya 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12.

Koyarwa ta biyu: mutum ya ishi kansa

A 1933 wasu masana 34 a Amurka suka sa hannu a wata takarda mai cewa ba halittar duniya aka yi ba, kuma hankali da kimiyya sun isa su gyara rayuwar ɗan adam. A 1973 aka fitar da ta biyu, wadda ta nace cewa mutum ne kaɗai zai ceci kansa.

Akwai abin da muka yarda da su a kai. Ilimi yana da kyau. Rigakafi da gidan sauro da irin shuka mai jure fari suna ceton rayuka, kuma kuskure ne mai bi ya ƙi kai yaro asibiti yana cewa bangaskiya ce. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Amma ilimi bai taɓa hana mai rabon taki ɓoye buhu goma wa kansa ba. Damuwarmu ta wuce rashin sani, tana cikin zuciya, Littafi Mai Tsarki kuwa ya kira ta zunubi. Sa'an nan idan babu Mahalicci, wa ya ba gurgu da gwauruwa da maraya daraja daidai da ta sarki? Farawa 1:27 ta nuna cewa darajar kowane mutum daga kamannin Allah take. Dalilin da ya sa rijiyarmu ta kowa ce ke nan.

Kada mu haɗa wannan da dokar ƙasa. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ya zama na ƙasa, ya kuma ba kowa 'yancin bin addininsa. Wannan kariya ce gare mu da maƙwabtanmu. Bai ce babu Allah ba.

Waɗanda suka riga mu

Manzo Bulus ya gamu da irin waɗannan ra'ayoyi a birnin Atina (Ayyukan Manzanni 17:16-34). Garin cike yake da gumaka, ga kuma masana masu gardama. Bai zage su ba. Ya zagaya ya duba wuraren sujadarsu, ya fara magana daga abin da suka sani, sa'an nan ya kai su ga tashin Yesu daga matattu. Wasu suka yi masa ba'a, kaɗan suka ba da gaskiya.

A ƙasarmu ma akwai Dokta Byang Kato, wanda aka haifa a yankin Kwoi, kudancin Kaduna, a 1936. Ya yi hidima a ECWA, a 1973 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska. A littafin da ya fitar a 1975, shekarar da ya rasu, ya gargaɗi ikilisiya a kan koyarwar da ke cewa kowa zai tsira ko da ba ta wurin Almasihu ba. Ya kuma nuna cewa mutum zai iya zama cikakken Kirista ba tare da ya watsar da yarensa da kyawawan al'adunsa ba. Kato ya halarci babban taron masu bi daga ƙasashe kusan 150 a Lozan, ƙasar Suwizalan, a 1974. Taron ya amince cewa shelar bishara da taimakon mabukata duka biyu hakkin Kirista ne.

Yadda za mu amsa

• Mu saurara tukuna. Yaron da ya yi tambaya bai zama maƙiyi ba.
• Mu san abin da muka gaskata da dalilinsa. 1 Bitrus 3:15 ta ce mu kasance a shirye, amma da tawali'u da ladabi.
• Idan ba mu san amsa ba, mu faɗa, mu je wurin fasto ko dattijo tare da mai tambayar.
• Kada mu taɓa sa sharaɗin shiga ikilisiya a kan hatsi ko magani. Mai yunwa zai amsa da baki kawai.
• Mu riƙe amana a kan kayan taimako. Littafin lissafi mai tsabta shaida ce da kowa zai iya karantawa.

Tambayoyi don tattaunawa

A zumuntar mata, ko ta matasa, ko bayan sujada, ku karanta Yahaya 4:1-30 tare.

1. Yaya Yesu ya fara magana da matar Samariya, ko da yake addininsu ya bambanta?
2. Wace gaskiya ce ya faɗa mata ba tare da ɓoyewa ba?
3. Waɗanne tambayoyi ne 'ya'yanmu ke kawowa gida, kuma wa ke amsa musu?
4. Akwai wani a ƙauyenmu da ke jin tsoron zuwa neman taimakonmu saboda addininsa? Me za mu yi a wannan mako?