Bori a matsayin magani: Abin da girka ke yi wa mara lafiya da inda ƙarfinta ya tsaya

Duk Bahaushen da ya ce "shan inna" ya ambaci bori, ko da bai sani ba. Inna ɗaya ce daga cikin manyan iskokin bori, kuma a da an yi imani ita ce ke shanye ƙafar yaro ko hannunsa. Haka nan idan aka ce wani na borin kunya, ko aka ce ba a bori da sanyin jiki.

Al'adar da ta haifi waɗannan kalmomi ta ja baya ƙwarai, amma har yanzu a wasu sassan Kano, Katsina, Zamfara, Maraɗi da Dogon Dutsi, iyalai na kai mara lafiya wurin 'yan bori, galibi a ɓoye, bayan sun gaji da zirga-zirga tsakanin asibiti da zauren malam. Sanin abin da ake yi a can zai taimaki mai jinya da ma'aikacin lafiya.

Doki da mahayinsa

A fahimtar 'yan bori, iskoki halittu ne da ba a gani, masu birni nasu da ake kira Jangare, ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulemanu. Suna da sarautu da gidaje da zumunta kamar al'ummar Hausawa. Wanda iska ke hawa ana kiransa doki idan namiji ne, godiya idan mace ce.

Kowace iska na da kiɗanta, kirarinta, tufafinta, dabbar da ake yanka mata da cutar da ake jingina mata. Malam Alhaji tsoho ne masani, yakan zo a duƙe yana tari, da carbi a hannu. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai son ado da turare da caca. Kuturu kan zo da yatsu a dunƙule.

A filin wasa, makaɗan garaya da buta, ko na goge da ƙwarya, su ke kiran iska da takenta. Jikin doki sai ya ɗauki rawa, zufa ta karyo masa, wani lokaci ya yi tsalle ya faɗo zaune da ƙarfi. Daga nan a sa masa tufafin iskar, ya yi magana da muryarta, ya faɗi cutar mai tambaya da maganinta. Atishawa ce alamar saukar iska, kuma doki kan ce bai tuna komai ba.

Girka sulhu ce

Ciwon kai mai naci, rama, firgita, shanyewar jiki, yawan ɓari da rashin haihuwa na cikin larurorin da aka fi kai wa 'yan bori. Akan fara da hayaƙi, jiƙo da yanka. Idan ciwo ya ƙi, sai a ce iskar na son mutumin ya zama dokinta, a shirya girka.

Ana killace mara lafiya na kimanin mako guda ko fiye, a hannun uwar girka ko uban girka. Ana ba shi jiƙon saiwoyi, a yi masa wanka da hayaƙi, a riƙa kiɗa har iskar ta bayyana kanta. A rufe da yanka da wasa a bainar jama'a.

A nan ne bori ya bambanta da ruƙiyya. Mai ruƙiyya na karanta Alƙur'ani domin ya fitar da aljani daga jiki. Girka kuwa sasanta mutum take yi da iskarsa: ita ta janye cuta, shi kuma ya ɗauki nauyin yi mata hidima iya rayuwarsa. Wanda aka girka ya zama ɗan ƙungiya, wata rana ma shi zai girka wani.

Ana samun irin wannan tsari a wasu ƙasashe. A littafinsa na 1914, Bature A. J. N. Tremearne ya bayyana borin da ya gani wurin Hausawan Tunis da Tarabulus, waɗanda cinikin bayi ya kai da yawansu can. Akwai Zar a Sudan, Masar da Habasha, da Istambali a Tunisiya, da Ginawa a Maroko, wadda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada a 2019.

Me ya sa wasu ke samun sauƙi?

Masana irin su Fremont Besmer, wanda ya yi nazari a Kano ya wallafa a 1983, da Adeline Masquelier, wadda ta yi nata a Dogon Dutsi ta wallafa a 2001, sun nuna yadda bori ke shiga rayuwar mara lafiya gaba ɗaya. Ciwon da aka rasa kansa yana samun suna da dalili. Dangi na taruwa su kashe kuɗi a kan mutum ɗaya. Matar da kishi, saki ko rashin haihuwa ya cunkushe wa zuciya tana iya faɗin damuwarta ta bakin iska ba tare da an zarge ta da rashin kunya ba, sannan ta sami abokan zama masu irin larurarta.

Likitocin ƙwaƙwalwa ma sun san wannan yanayi. Kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, ya ɗauki hawan iska a matsayin cuta ne idan ya zo wa mutum ba da sonsa ba kuma ya dagula masa rayuwa. Wanda ake yi cikin wata al'ada da jama'a suka amince da ita ba ya cikin wannan rukuni.

Matsayin malamai

Malaman Musulunci na ganin bori shirka ne, saboda yanka ga wanin Allah da neman agajin aljanu. Masu jihadin 1804 sun yaƙe shi, kuma dawo da shari'a a jihohi 12 na Arewa tun daga shekarar 2000 ya ƙara tura shi bayan fage.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta lura cewa hani kaɗai ba zai raba mata da bori ba. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji masu zagaya ƙauyuka suna karantar da mata, sannan a 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i. Wato ta samar wa mata wurin taruwa da hanyar magani a madadin abin da aka hana su.

Inda haɗarin yake

Shan inna ya isa misali. Cutar da aka jingina wa iska ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, kuma rigakafi ne ya kawo ƙarshen nau'inta na asali a Afirka, har aka ayyana nahiyar ta rabu da shi a watan Agustan 2020. Farfaɗiya, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa da taɓin hankali bayan haihuwa duk kan yi kama da bugun iska, kuma duk suna da magani a asibiti. Kwanakin da aka ɓata a ɗakin girka na iya jawo nakasa ko asarar rai, ban da kuɗin dabbobi da na makaɗa.

Najeriya na da tarihin haɗa hannu da masu maganin gargajiya. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda majinyata ke zama da danginsu, likitoci na aiki tare da masu maganin gargajiya. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan lafiya na aiki tare da masu maganin gargajiya da na addini.

Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi kare haƙƙin majinyaci. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri. Likitoci na shawartar iyalai su garzaya asibiti da duk wanda ya haɗa zazzaɓi da suma, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga mai maimaituwa, ko ya fara maganar kashe kansa, ko da kuwa suna zaton iska ce.