Alamar Manhaja Ta Ɓace A Fuskar Kwamfuta? Ga Abin Yi

Sau da yawa mai kwamfuta yakan sa sabuwar manhaja, amma ya duba fuskar na'urar bai ga alamarta ba. Nan take hankalinsa ya tashi. Wani ya sake sayen data ya sauko da ita, wani ya ɗauki kwamfutar zuwa birni wajen mai gyara, ya biya kuɗin mota da na aiki a banza.

Ɗan hoton nan ba shi ne manhajar ba. Kamar allon bakin hanya yake, mai nuna sunan gari. In iska ta kayar da allo, gari yana nan. A kwamfuta mai Windows, yawancin manhajoji suna zaune ne a cikin jakar Program Files. Alamar nuni ce kawai, shi ya sa akan ga 'yar kibiya a gindinta.

Abubuwa uku sun fi jawo wannan matsala. Na farko, lokacin sa manhaja akan tambaya ko ana son alama, sai a wuce ba a zaɓa ba. Na biyu, kwamfutar ofis takan sami masu aiki da ita fiye da ɗaya, kowa da sunan shigarsa, sai alamar ta fito a ɓangaren wani. Na uku, wani ya ɓoye alamomin gaba ɗaya bisa kuskure.

In duka alamomin ne suka ɓace, a danna ɓangaren dama na linzami a fili, a zaɓi View, sannan Show desktop icons.

In guda ɗaya ce, a danna maɓallin Windows, a rubuta sunan manhajar. Idan ta fito, to lafiyarta ƙalau. A danna mata dama, a zaɓi Open file location. A jakar da ta buɗe, a sake danna mata dama, a zaɓi Send to, sannan Desktop. A Windows 11, wadda ta fito a 2021, sai an danna Show more options kafin a ga Send to.

Sai in an nemi sunan an rasa, a cikin jakar ma babu, sannan a sake sa manhajar. Wanda bai gane ba ya tambayi na kusa da shi, domin matambayi ba ya ɓata.