Shaidar Iya Harsuna ga Ɗaliban Sakandare a Ƙasar Kurfai

Ɗalibin da ya tashi a Sanam, ko a wani gari na ƙasar Kurfai, da wuya ya kai kwaleji da harshe ɗaya a bakinsa. Hausa ce harshen gida, irin ta Kurfayawa. Daga Filinge zuwa kudu Zabarmanci ke ƙara ƙarfi, a Bonkuku ta ƙasar Imanan ana jin Tamajak, Fulani kuwa suna ratsa Dallol Boso da dabbobinsu da harshensu. Lakwal ta ɗora masa Faransanci tun ajin farko, makarantar allo ta ba shi Larabcin karatu, Ingilishi kuma ya tarye shi a shekarar farko ta kwaleji.

Takardun da yake fita da su ba sa nuna rabin wannan. Jarrabawar BEPC, wadda ake kira birbe, tana zuwa bayan shekara huɗu na kwaleji, ta bak kuma bayan uku na lise. Da Faransanci ake rubuta su, ana gwada Ingilishi, ɗaliban makarantun Faransanci da Larabci kuma ana auna Larabcinsu. Wannan reshe tsoho ne, domin tun 1957 aka buɗe madarsar farko a garin Say. Hausa da Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci ba su da irin wannan matsayi a takardar. Yarinyar da ke yi wa kakarta tafinta a gaban malamin asibiti, tana juya magana daga Faransanci zuwa Hausa ba tare da ta ɓata ma'anar yadda za a sha magani ba, tana yin aikin da ake biyan manya kuɗi a kansa, amma babu hukumar da ta rubuta mata shi.

Ba don rashin tushe ba ne. Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka da a koyar da yara cikin harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci ya karɓi ragama, daga baya tsarin ya haɗa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, wata ta 2001 ta lissafa goma daga cikinsu. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Sai dai yawancin ƙoƙarin makarantu ya tsaya ne a firamare. Yaro ya koyi rubuta harshensa a ƙananan azuzuwa, yana shiga kwaleji sai a ajiye shi a bakin ƙofa.

A maƙwabciya Najeriya, Hausa darasi ce da ake zanawa a jarrabawar WAEC da NECO, makinta na fitowa a takardar kammala sakandare. A Amurka an bi wata hanyar. Jihar Kaliforniya ta kafa doka a 2011 cewa ɗalibin da ya nuna ƙwarewa a Ingilishi da wani harshe za a buga masa hatimi na musamman a takardarsa, kuma yanzu dukkan jihohin ƙasar 50 sun ɗauki tsarin. Harshen da ɗan baƙi ya zo da shi daga gida yana shiga lissafi daidai da wanda aka koya a aji.

In za a kawo irin wannan shaida Nijar, za ta auna abu huɗu: ji, da magana, da karatu, da rubutu. Biyun farko ba su da wuya ga ɗan Kurfai. Matsalar tana wajen rubutu, domin da yawa masu zuba Hausa kamar ruwa ba su taɓa koyon bambanta k da ƙ ko d da ɗ a takarda ba, ko da yake Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa tun 1999. Akwai kuma batun karin harshe. Mai gyaran takarda dole ya san Kurfayanci, don kada ya ɗauki kalmar da ɗalibi ya gada a matsayin kuskure. Adalci kuma na neman a buɗe ƙofar ga Bazabarme da Bafulatani da Buzu, tun da aji ɗaya suke zaune.

Yankin na da cikas na kansa. Rashin tsaro ya rufe makarantu da dama a jahar Tilaberi, har da gundumar Abala da Sanam ke cikinta, ɗalibai da yawa sun koma karatu a garuruwan da ake wani harshe. Gwajin baki na iya gudana a cibiyoyin da ake zana birbe da bak, gwajin rubutu kuwa sai an tanadi littattafai na matakin kwaleji da malaman da aka horar a harsunan ƙasa.