Finafinai sun koma intanet: Ina makomar 'yan kallon unguwa?

DUK daren da aka saki sabon kashi na wani fim mai dogon zango a YouTube, birnin Kano kan rabu gida biyu. A wasu gidajen na Nasarawa GRA ko Bompai, lokaci na yi sai a danna rimot, fim ya fito tangaran a faffaɗar talbijin ta bango, domin akwai na'urar waifai a falo, ga sola ko janareta ko da an ɗauke wuta. Amma a lungunan Kurna, Ɗorayi, Bachirawa da Rimin Kebe, sai gari ya waye tukuna. Da hantsi uwargida za ta zare memori daga 'yar wayar ta, ta haɗa da canjin cefane, ta ba yaro ya ruga shagon mai tura finafinai. Kafin ya dawo, waɗancan har sun gama musu a kan abin da zai faru a kashi na gaba.

Abin mamakin shi ne, wannan uwargidan da ta koma 'yar jira, ita ce ta raini industiri tun ta na jaririya.

DAGA KASET ZUWA DATA

Idan mai karatu bai manta ba, tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da 'Turmin Danya' a 1990, kasuwar fim ɗin Hausa a hannun talaka ta ke, musamman matan aure da ke cikin gida. A zamanin su 'Sangaya', abin da ake buƙata bai wuce bidiyo da talbijin ba. Gidan da ba su da shi su shiga maƙwabta. Wanda ba zai iya sayen kaset ba ya je shagon haya. Dillalan Ƙofar Wambai da Bata su na ɗibar kaya su na rabawa har Nijar da Ghana da Kamaru, kuɗi kuma su na dawowa aljihun furodusa, ko da ba duka ba.

Daga nan sidi ya kori kaset, masu satar fasaha su ka yi wa sidi rubdugu, kasuwa ta dinga ja da baya har ta durƙushe. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta koya wa jama'a bin shiri mako-mako da irin su 'Daɗin Kowa'. Sai kuma zaman kullen korona na 2020, wanda ya zo daidai da tashen 'Izzar So' na Lawan Ahmad da 'Labarina' na Aminu Saira. Tun daga lokacin kusan kowane furodusa ya buɗe tashar sa a YouTube. An ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. To, amma fa ba kowa ke da ƙafar taka sabuwar rawar ba.

ABU UKU

Kafin mutum ya kalli fim a intanet ya na zaune a ɗakin sa, sai ya haɗa abu uku: babbar waya ko kwamfuta, data, da kuma wuta. Duk ukun kuwa sun yi wa mai ƙaramin ƙarfi tsada.

Ɗauki data. Kashi ɗaya na fim mai tsawon awa guda zai iya lashe wajen rabin gig, ko ma fiye idan ana son hoto garau. Gwamnatin Tarayya ta fito da wani shiri na 2020 zuwa 2025 inda ta ci burin intanet mai ƙarfi ya kai ga kashi 70 cikin ɗari na 'yan ƙasa, kuma gig ɗaya kada ya wuce naira 390. Wa'adin ya cika, alƙaluman hukumar sadarwa ta NCC sun tsaya a wajen rabi, kuma akasarin su layukan waya ne, ba intanet ɗin da ake ja wa gida ba. Farashi kuwa, maimakon ya sauka, a Janairu 2025 hukumar ta amince wa kamfanonin waya su yi ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Sai wuta. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta zarce 1,000. Ƙaramin janaretan da ke raya talbijin a gidajen haya ya koma ƙarƙashin gado. A Oktoba 2024 ma yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. A irin wannan hali, cajin waya ma sai an biya a shago, ina batun kallo?

Ba wai fasahar ce ba ta iso ba. Kano na cikin biranen farko da MTN ya kawo wa 5G a 2022, Starlink ma ya shigo Nijeriya a 2023. Sai dai magidancin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ga haya ga kuɗin makaranta ga garin tuwo, waɗannan labari kawai ya ke ji. A gidaje da dama babbar waya guda ɗaya ce, ta maigida, kuma da ita ya ke fita kasuwa tun safe.

KURA DA SHAN BUGU

Wannan giɓi ne ya haifar da sana'ar da ake kira ta 'yan dawunlodin. Ɗan shago ne ko tebur a bakin titi, da tsohuwar kwamfuta, da tarin wayoyin caji. Matashi zai sauke fim sau ɗaya, ya yini ya na tura wa jama'a a kan 'yan kuɗi ƙalilan. Wanda aka tura wa shi ma ya tura wa ƙawar sa ko maƙwabcin sa ta Xender kyauta. A unguwanni da yawa wannan tebur shi ne sinimar su, shi ne intanet ɗin su, kuma ya rufa wa dubban matasa asiri.

To, amma ta ɓangaren furodusa fa? YouTube ba ya biyan kowa sai tashar sa ta cika sharuɗɗa, irin su mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, sannan kuɗin daga tallace-tallacen da aka kalla a dandalin su ke fitowa. Fim ɗin da ya zaga gida ɗari biyu ta memori, a wurin YouTube tamkar mutum ɗaya ne ya kalla. Furodusa ya kashe kuɗin lokeshin, ya sallami 'yan wasa da ma'aikata, fim ya yi suna a gari har yara na kwaikwayon maganganun ciki, amma lissafi ya ƙi fita. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Akwai kuma wata illar da ba a cika lura da ita ba. Da ya ke talla ta fi tsada ga mai kallo daga ƙasashen waje, kuma masu sharhi a ƙarƙashin fim masu data ne, furodusa kan fi jin muryar su. Uwargidan Kurna ba ta da inda za ta ce labari ya yi daɗi ko ya kauce. A da kuwa, da kuɗin ta ta ke yanke hukunci: fim ɗin da mata su ka ƙi, a shago ya ke kwana.

MASU TASOWA

Matsalar ba ta tsaya kan 'yan kallo ba. Yau duk wanda ke son zama edita, ko mai haɗa sauti, ko marubucin labari, sai da kwamfuta. Yaron da ya tashi da laftof a ɗakin su zai kwana ya na koyon tace hoto kyauta a intanet. Ɗan'uwan sa na lungu, ko da ya fi shi basira, sai ya tako har Titin Gidan Zoo ya raɓe a situdiyon wani, ya na share-share da aike, ya na jiran oga ya tashi sallah ko cin abinci ya ɗan taɓa na'ura. Ko ya je Farm Centre ko Titin Beirut ya taya ta hannu, farashin kan sa ya juyo gwiwa a sanyaye.

Wannan yaron ne kuma zai shiga jarabawar JAMB, wadda tun 2015 ta koma kacokan a kan kwamfuta. Akwai ɗaliban da sai ana gab da jarabawa su ke fara ɗora hannu a kanta, a kafe, a kan kuɗi, awa ɗaya ko biyu.

INA MAFITA?

Sauke farashin data da gyara wuta aikin hukuma ne. Amma 'yan fim ma akwai nasu. Maimakon kamen masu turawa da ake yi lokaci-lokaci, wanda bai taɓa kashe sana'ar ba, me zai hana a mayar da su dillalai na halak, a ba su fim da izini, su tura, a raba riba? Ai su ne Ƙofar Wambai ta wannan zamanin, sai dai babu rasit. Haka kuma ƙungiyoyin 'yan fim da manyan jarumai za su iya buɗe 'yan ɗakunan kwamfuta a unguwannin da su ka fito, inda yara za su koyi aiki ba tare da sun yi wa kowa bara ba.

Fim ɗin Hausa dai a tsakar gidan talaka ya yi rarrafe har ya miƙe. Idan aka wayi gari sai mai waifai kaɗai ake yi dominsa, to an yi tuya an manta da albasa. Allah ya kyauta.