Bahagon Yaro Da Ganin Launi

A cikin mutum goma, kusan ɗaya bahago ne. Haka kuma akwai mutanen da ba su iya bambanta ja da kore sosai. A ƙasashen Turai ana samun haka ga namiji ɗaya cikin 12, mace kuwa ɗaya cikin 200. A Afirka ba su kai haka yawa ba. Shin akwai dangantaka tsakanin waɗannan abubuwa biyu?

Rashin bambanta launi daga ido yake, kuma gado ne. Yawanci ɗa yakan gaje shi ta wajen mahaifiyarsa, ko da ita tana gani lafiya lau. Wani masani Bature, John Dalton, ya ba da labarin nasa a Manchester a 1794, ya ce ɗan'uwansa ma haka yake. A 1995 aka gwada idonsa da aka adana, aka tarar ba shi da irin ƙwayoyin ido masu kama kore. Zama bahago kuwa daga ƙwaƙwalwa yake. Saboda haka bahago ba lalle ne ya kasa ganin launi ba.

Amma akwai inda hannu da launi suka haɗu. Ƙwaƙwalwa ɓangare biyu ce. Ɓangaren hagu ne yake sarrafa hannun dama, shi ne kuma yake fara karɓar abin da muke gani a gefen dama. A wurin yawancin mutane, magana ma a can take. Amma bahagwai kamar uku cikin goma, tasu maganar tana ɓangaren dama ko a duka biyun.

A 2006 waɗansu masana a Amurka, cikinsu da Paul Kay, suka nuna wa mutane launuka a jere, suka ce su nuna wanda ya fita dabam. In launin yana gefen dama, kuma sunansa dabam ne, kamar kore a cikin shuɗi, sun fi saurin gane shi. Wato sunan launi yana taimakon ido. Waɗansu da suka sake gwajin daga baya sun sami haka, waɗansu kuwa ba su samu ba.

To, iyaye, ga abin lura. Yaron da yake rubutu da hagu ba taurin kai yake yi ba, duka kuwa ba ya sake halitta. A Littafin Mahukunta ma akwai bahagwai 700 na kabilar Biliyaminu, gwanayen majajjawa. In kuma yaronku yana ɗauko ɗanyen tumatir a maimakon nunanne, kada ku ce masa daƙiƙi. Ku kai shi asibitin ido. Akwai gwajin ɗige-ɗige masu launi da likita Ishihara na Japan ya fito da shi a 1917, ba ya ɗaukar lokaci. Ku kuma sanar da malaminsa, domin kada ya riƙa yi masa rubutu da jan alli a kan koren allo.