Daura Da Kalmar "Ba Zai Yiwu Ba"

A watan Afrilun 2011, wurin rufe yaƙin neman zaɓensa a Abuja, Janar Muhammadu Buhari ya zubar da hawaye a bainar jama'a, ya ce daga wannan karon ba zai ƙara neman shugabancin Najeriya ba. Ya sha kaye a hannun Obasanjo a 2003, ya sake sha a hannun Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2007, kuma 'yan kwanaki bayan hawayen nan Goodluck Jonathan ya kayar da shi. Duk sau ukun sai da aka kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya dawo hannu rabbana. A majalisun hira na Daura, da ma Arewa baki ɗaya, magana ɗaya ce ta zauna daram a bakin mutane: "Ai ba a kayar da gwamnati mai ci." Masu faɗin haka suna da hujja, domin tun samun 'yancin kai a 1960 ba a taɓa ganin an yi ba a matakin tarayya.

A zaɓen 28 ga Maris 2015 aka yi. Buhari ya samu ƙuri'a kusan miliyan 15.4, Jonathan ya samu miliyan 12.8, har ya buga waya ya taya shi murna tun kafin a gama bayyana sakamako.

Mutane kan taƙaita labarin a kan naci, alhali naci kaɗai sau uku yana kai shi ƙasa. Abin da ya sauya shi ne tunani. A 2011 jam'iyyarsa ta CPC ta jingina da farin jininsa a Arewa, ya tara ƙuri'a sama da miliyan 12, ba su isa ba. Sai a 2013 ya amince ya zauna da mutanen da a da ake ganin ba za su taɓa shan inuwa ɗaya da shi ba, aka narkar da CPC da ACN da ANPP da wani ɓangare na APGA aka kafa APC. Ke nan sai da ya rushe katangar da ke cikin kansa, wato ganin cewa shi kaɗai da masoyansa sun wadatar, sannan ta waje ta faɗi.

Daura, garin da aka haife shi a 1942, ya daɗe da sanin irin wannan katanga. Labarin kafuwar Hausa Bakwai, kamar yadda ake ba da shi, ya ce a zamanin Magajiya Daurama wata macijiya da ake kira Sarki ta tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo Bayajida ya sauka da dare a gidan wata tsohuwa, Ayana, ya nemi ruwa, ta ce masa ba a samu sai Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijiyar da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Masana tarihi suna muhawara a kan ko Bayajida mutum ɗaya ne ko alama ce ta zuwan wasu baƙi, kuma muhawarar tana da amfaninta. Sai dai akwai wani wuri a labarin da ake saurin wucewa: amsar tsohuwar. Gari guda, da mayaƙansa da maƙeransa, ya tsara rayuwarsa a kan ƙishirwar kwana shida, har abin ya zama doka da ake faɗa wa baƙo ba tare da jin wani ciwo ba. Macijiyar tana nan da gaske a cikin labarin, amma sabo ne ya ba ta sarauta.

Masana halayyar ɗan'adam sun yi nazarin wannan. A 1977 Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya nuna cewa yardar mutum da iyawarsa ita ke yanke ko zai fara abu, da kuma tsawon lokacin da zai jure idan ya ci karo da wahala. Ya ce abin da ya fi gina wannan yarda shi ne mutum ya gwada da hannunsa ya ga ya yi, sai kuma ya ga wani irinsa ya yi. Shi ya sa rayuwar Buhari ke da nauyi ga yaron Baure ko Sandamu fiye da ta wani attajirin Turai. Buhari ɗa na 23 ne a wurin mahaifinsa, wanda ya rasu ya bar shi yana ɗan kimanin shekara huɗu. John Paden, wanda ya rubuta tarihinsa a 2016, ya nuna cewa da farko yaron ba ya son makaranta, sai da manya irin su Waziri Alhassan, ɗan Sarkin Daura Musa, suka tsaya a kansa. Ba shi kaɗai ya fitar da kansa ba.

Gaskiya kuwa ba ta ƙare a nan ba. Darajar aikin Bayajida ita ce kowa ya samu ruwa kullum, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna duk wanda ya kai inda yake buri. Shekaru takwas na mulkin Buhari sun bar mutane a rabe. Yana hutu a Daura ne a watan Disamban 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma talakan jihar Katsina ya san abin da ya sha a hannun 'yan bindiga da tsadar rayuwa. Kaiwa ga kujera wani abu ne, amfanar da jama'a daga kanta wani ne daban, na biyun kuma ya fi wuya.

Duk da haka, lokacin da aka binne shi a Daura ranar 15 ga Yulin 2025, ya bar ƙofofi a buɗe. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin a 2019, a Disamban shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka tsara zai ratsa ta Daura. Tambayar ita ce su wa za su cika azuzuwan, su wa za su tuƙa jiragen. Har yau ana jin matashi na cewa "ai sai mai uwa a gindin murhu", tun bai cike takardar neman gurbi ba. Ana jin uba na cewa karatun injiniya ba na mace ba ne, a masarautar da tarihinta ya fara da jerin sarauniyoyi, kuma har gobe ake naɗa Magajiya. Wasu suna lulluɓe wannan da sunan tawakkali, alhali Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah.

Talauci gaskiya ne, son kai wajen rabon gurabe ma yana faruwa, ba mai musun haka. Amma iyaye da malamai da hakimai na Daura da Zango da Mai'aduwa da Baure da Sandamu suna da aikin da ba ya jiran gwamnati: su nemo yaron da ya yanke ƙauna da yarinyar da aka ce iyakarta sakandare, su biya musu kuɗin jarrabawa, su raka su har ƙofar makaranta.